Yadda Ake Kai Iyali Ziyarar Hasumiyar Fitila ta Jamestown a Accra

A bakin tekun Accra, cikin tsohuwar unguwar Jamestown, akwai wata doguwar hasumiya mai ratsin ja da fari wadda duk mai bin titin High Street zuwa yamma yake hangowa tun daga nesa. Hasumiyar fitila ce, wato ginin da ake kunna haske a ƙololuwarsa da dare domin matuƙan jiragen ruwa su san inda gaɓa take, su kuma gane ko wace gaɓa ce suka dosa. Magidanta da yawa a Nima, Mamobi, Sabon Zongo da Madina sun sha wucewa ta gindinta ba tare da ya taɓa zo musu a rai su kai 'ya'yansu ba, haka nan baƙin da ke zuwa daga Kano, Yamai ko Kumasi sukan ƙare yawonsu a kasuwar Makola su juya gida. Wannan jagora ta wanda yake son ya kai iyalinsa ce, yara da manya, ya hau da su lafiya ya sauko da su lafiya, su kuma koma da wani ilimi da zai zauna musu.

Tun kafin a fita ya kamata a san cewa hasumiyar kayan aiki ce da ke ƙarƙashin hukumar kula da tashoshin jiragen ruwa ta Ghana, kuma tana tsakiyar unguwar da al'ummar Ga suke zaune suna neman abincinsu. Saboda haka kada a tafi da tsammanin tagar sayar da tikiti da ma'aikata masu inifom suna jiran baƙi. Hawan kansa ba ya cin lokaci mai yawa. Abin da ke sa ziyarar ta yi armashi ko ta lalace shi ne ranar da aka zaɓa, da yadda aka yi magana da mutanen wurin, da kuma tsarin da aka bi: a fara hawa sama a ga komai, sannan a sauko a taka abin da aka hango.

Ɗan tarihin da mai gida zai riƙe

Yara za su yi tambaya, kuma babu daɗi uba ya tsaya yana kame-kame a gabansu. Turawan Ingila ne suka gina hasumiyar farko a wannan wuri a shekarar 1871, kusa da sansaninsu na James Fort. Wadda ke tsaye yanzu an gina ta ne a shekarun 1930 a madadin ta farkon. Tsayinta mita 28 ne, fitilarta kuwa tana mita 34 sama da ruwan teku, domin ginin yana kan tudu. An tsara haskenta ya kai mil 16 na teku, kimanin kilomita 30 ke nan.

Dalilin gina ta a nan shi ne ya fi kyau a bayyana wa yara. Accra ba ta da mashigi mai zurfi da manyan jirage za su iya raɓowa su tsaya, don haka shekara da shekaru jiragen sukan saki anga can cikin teku, sai ƙananan kwale-kwale masu matuƙa da yawa su riƙa ratsa igiyar ruwa suna kai buhunan koko suna dawowa da kayan da aka shigo da su. Bayan da Turawa suka mayar da hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa Accra a 1877, zirga-zirgar ta ƙaru ƙwarai. Haka aka ci gaba har aka buɗe tashar Takoradi a 1928, sannan ta Tema a 1962, wadda ta ɗauke wa Jamestown manyan jirage gaba ɗaya ta bar ta da masunta.

Mataki na farko: zaɓen wata, rana da sa'a

A fara da duba yanayi. Babbar daminar Accra tana kamawa daga Afrilu zuwa wajen Yuli, ruwan ya fi ƙarfi a Mayu da Yuni, sannan akwai ƙaramar damina a Satumba da Oktoba. Idan an yi ruwa matakala da baranda sukan yi santsi, hanyoyin gari kuma su cushe. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa hazon hunturu yakan sauko har bakin teku ya dushe nesa, ta yadda za a sha wahalar hawa a tarar da sama da ruwa sun haɗe sun zama fari ɗaya. A ganina Nuwamba da Maris sun fi dacewa ga mai son hangen nesa, duk da cewa Maris yana da zafi. Agusta yana da sanyi mai daɗi, amma shi ne watan bikin Homowo na al'ummar Ga, kuma a cikinsa aka saba yin bikin zane-zanen titi na Chale Wote da aka fara a 2011. Wanda yake tare da samari da 'yan mata masu son kallo zai ji daɗin wannan lokaci, amma mai ƙananan yara ko tsohuwa gara ya kauce wa cunkoson.

Ranar mako ma tana da tasiri. Bisa al'adar gaɓar Ghana, masunta ba sa shiga teku ranar Talata. Wanda ya je ranar zai ga kwale-kwale jere a gaɓa, mutane zaune suna ɗinkin raga, wurin babu hayaniya sosai, sai dai ba zai ga sauke kifi ba. Ranar Asabar ita ce ranar jana'iza a yawancin unguwannin Accra, inda ake kafa rumfuna a toshe lunguna, a saki kiɗa da lasifika. Juma'a kuwa lokacin bai isa ba, domin kafin a hau a sauko a zagaya an fara haramar masallaci. Laraba ko Alhamis a lokacin hutun makaranta su ne zaɓina.

A isa da safe, tsakanin ƙarfe takwas da rabi zuwa tara. Kafin sha ɗaya rana ta fara dukan baranda, cikin hasumiyar kuma ya ɗauki ɗumi. Baƙon da ya zo daga Najeriya ko Nijar ya tuna cewa agogon Ghana yana baya da awa ɗaya. Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a roƙi wani ɗan'uwa ko abokin da ke aiki wajen Makola ko High Street ya leƙa ya tambayi mai gadin ko ana barin hawa a makon, domin gyara ko umarnin hukuma na iya sa a rufe ƙofa.

Mataki na biyu: wa zai hau, wa zai jira a ƙasa

Wannan shawara a gida ake yanke ta, ba a gindin matakala ba, inda yaro zai fashe da kuka idan an hana shi, ko kunya ta sa dattijo ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Mita 28 ya kai tsayin bene mai hawa takwas ko tara, matakalar kuma mai murɗawa ce, tana ƙara matsewa da miƙewa yayin da ake kusantar sama. Mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon gwiwa, mai asma mai tsanani, mace mai tsohon ciki da wanda jiri ke ɗiba idan ya leƙa ƙasa daga bene, duk su haƙura. A gaya wa Kaka cikin ladabi tun da wuri cewa ana so ta zauna a inuwa ta riƙe wa jikoki jaka, za a ɗauko mata hoto daga sama.

Game da yara, ba shekaru kaɗai ake dubawa ba. Yaron da yake iya hawa da sauka benen gida shi kaɗai, yana kuma tsayawa cak idan an ce ya tsaya, zai iya. Wanda bai kai shekara biyar ko shida ba, ko mai ƙiriniyar da ba ya jin kira, ya zauna ƙasa. Kada a hau da goyo a baya, domin uwa ba ta ganin kan jaririn a inda bango ya matse, kada kuma a saɓa yaro a kafaɗa, saboda hannu biyun na riƙe ƙarfe ne. Ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce kowane ƙaramin yaro da babbansa guda. Idan manya ba su isa ba, a kasa tawagar gida biyu, wasu su hau su sauko sannan sauran su hau.

Sutura tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Babbar riga ba ta wannan wuri ba ce; mai gida ya sa kaftani marar tsawo ko riga da wando. Uwar gida da 'yan mata su guji zane mai jan ƙasa da dogon mayafi sakakke, domin a matakala ana taka shi, a baranda kuma iskar teku tana iya fizge shi ko ta naɗe shi a jikin ƙarfe. Hijabi madaidaici da aka ɗaure da kyau ya wadatar. Hula a cire ta a sa a aljihu kafin a fita baranda. Takalmi ya zama mai rufe ƙafa wanda ƙasansa ke kama daɓe; silifas da takalmi mai tsini a bar su a gida, ba don matakala kaɗai ba, har da bakin ruwa inda ake samun ƙaya ta kifi, ƙugiya da fasasshen kwalba.

A cikin jaka a sa ruwan sha isasshe, ɗan abin taɓawa na yara, lema, hankici, man tsabtace hannu, filasta, da maganin duk wanda yake kan magani. Idan akwai madubin hangen nesa a gida, ranarsa ce. A nemi canjin sidi, kuɗin Ghana, ƙanana tun a unguwa, a raba su aljihu biyu, kada a riƙa zaro damin kuɗi a bainar jama'a. Ana karɓar kuɗi ta waya a kusan ko'ina a Accra, amma wajen sallamar mai gadi ko sayen kifi, tsabar kuɗi ta fi saurin kashe magana. A rubuta lambar wayar uba a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu. Lambar neman agajin gaggawa a Ghana ita ce 112.

Mataki na uku: hanya da isowa

Ga iyali mai mutum huɗu ko biyar, tasi ko motar da ake kira ta waya, irin su Bolt, Uber da Yango, ta fi sauƙi. A rubuta Jamestown Lighthouse, direbobi sun san wurin. Mai son rage kuɗi ya hau tiroto, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa tsakiyar Accra, daga nan ya ɗauki tasi ya ƙarasa. Wanda ya zo da motarsa ya ajiye ta a sarari inda ake gani, ya tambayi masu wurin kafin ya kashe inji, kada ya bar waya ko jaka a kan kujera.

Da saukarku, samari za su taso su ce su 'yan rakiya ne. A nan ne mutane da yawa suke ɓata ziyararsu, ko dai su ɗaure fuska su yi faɗa, ko kuma su bi kowa ba tare da an yi ciniki ba, a ƙarshe a rabu baram-baram. Hanyar da ta dace ita ce mai gida shi kaɗai ya yi magana, sauran iyali su ɗan ja gefe. Ya fara da gaisuwa. Da safe mutanen Ga suna cewa "Ojekoo", kuma ko wannan kalma ɗaya tana sassauta fuska. Da yawa suna jin Turanci da Twi, ba abin mamaki ba ne kuma a dace da mai jin Hausa. Sannan ya nemi a nuna masa mai riƙe da makullin hasumiya, domin da shi ake maganar hawa.

Kafin kowa ya taka matakala a daddale abu huɗu: nawa ne kuɗin hawa, na kowane kai ne ko na tawaga duka, yara suna biya ko ba sa biya, kuma ɗaukar hoto yana ciki ko dabam ne. Idan ana son ɗan rakiya ya zagaya da ku unguwa da bakin ruwa, a zaɓi mutum ɗaya, a faɗi wuraren da za a je da tsawon lokacin, a yanke kuɗinsa, a ce za a biya idan an gama. A maimaita adadin a fili a gaban wani. Ina ba da shawarar a ɗauki ɗan rakiyar, domin baƙon da ya kutsa cikin masunta shi kaɗai da waya a hannu ba ya samun irin tarbar da wanda ɗan unguwa ya gabatar yake samu. Miƙa kuɗi ko nuna mutum da hannun hagu abin ƙi ne a nan kamar yadda yake a gida.

Mataki na huɗu: hawan

A kai yara bayan gida kafin a fara, a ba su ruwa kaɗan. A tsaya a gindin matakala a gaya musu doka uku a taƙaice: ba gudu, ba sakin ƙarfe, ba wuce babba. Wajen hawa, yaro yana gaba babbansa yana bayansa da taki ɗaya. Wajen sauka kuwa babba ne a gaba, yaro a baya, ta yadda ko ƙafa ta zame jikin babba zai tare shi. A matakala mai murɗawa gefen bango ya fi faɗi, nan ake sa ƙafa. Waya ta zauna a aljihu har sai an kai sama.

Idanun wanda ya shigo daga hasken rana suna buƙatar ɗan lokaci kafin su saba da duhun ciki, saboda haka kada a yi hanzari a takun farko. A riƙa tsayawa ana numfasawa a duk inda aka samu taga. A sa yara su ƙirga matakan da ƙarfi. Yana hana su gudu, yana kuma ɗauke hankalin mai jin tsoro. Wanda ya ji ƙirjinsa na bugawa fiye da kima ko kansa na juyawa ya zauna a kan mataki, ya jingina da bango, idan ya huce a sauko da shi. Kada 'yan'uwa su yi masa dariya, kada uba ya ce "kai ba namiji ba ne?" Yaron da aka tilasta wa ƙarasawa yakan ƙame a sama, saukowa da shi kuma ya fi hawan wuya.

Ɓangaren ƙarshe kafin baranda shi ne mafi tsayuwa. A bi shi ɗaya bayan ɗaya, babba guda ya riga fita ya tsaya a bakin ƙofa yana karɓar yara, wajen dawowa kuma a sauko ana fuskantar matakan kamar yadda ake saukowa daga tsani. A baranda, yara su tsaya ta jikin bangon fitila. Iskar gishiri tana cin ƙarfe, don haka ko shingen ya yi kama da mai ƙwari, kada kowa ya jingina da shi ko ya ɗora yaro a kai don hoto. Kada a taɓa gilashin fitila ko wayoyinta.

Mataki na biyar: abin da za a nuna daga sama

A nan ne ribar tafiyar take, don haka kada a ɗauki hoto uku a juya. A zagaya barandar a hankali, kusurwa bayan kusurwa.

Ta kudu teku ce, Mashigin Gini. Dab da ƙafarku za ku ga tashar masunta, wadda aka sake ginawa da tallafin ƙasar Sin aka buɗe a 2024, da katangar duwatsu mai karya ƙarfin igiyar ruwa. A sa yara su kwatanta ruwan da ke cikin katangar da na wajenta: ɗaya a kwance, ɗaya yana tumbatsa yana farin kumfa. Da wannan kallo kaɗai za su fahimci abin da ya hana manyan jirage raɓowa a da. Sannan a nuna musu layin da sama ta haɗu da ruwa. Daga wannan tsayi layin yana nesa da kimanin kilomita 20, alhali mutumin da ke tsaye a bakin ruwa bai fi kilomita biyar yake gani ba. Dalili shi ne duniya a dunƙule take, bayan ruwan yana lanƙwasawa ya ɓoye abin da ke gaba. Shi ya sa ake ɗaga fitila sama, kuma shi ya sa matuƙin da ke can saman babban jirgi yake hango ta tun daga kilomita 30. Idan an dace da jirgi a can nesa, a ba yaro madubin hangen nesa ya duba ko zai ga samansa ya bayyana alhali gindinsa na ɓoye.

Akwai tambayar da yara masu kaifin basira kan yi: ta yaya matuƙi zai bambanta wannan haske da fitilun gari? Amsar ita ce kowace hasumiya tana da nata salon walƙiya da aka rubuta a taswirar teku. Na Jamestown farin haske ne da ke walƙawa sau huɗu a cikin kowace daƙiƙa 25. Matuƙi zai ƙirga, ya duba littafinsa, ya san Accra ce a gabansa ba wani gari ba. Ratsin ja da fari kuwa aikin rana yake yi, domin a bambanta ginin da sauran gine-gine. Hasken yana kaiwa nesa ne saboda gilashin da ke tattara shi ya harba shi wuri ɗaya maimakon ya watse. Wani Bafaranshe mai suna Augustin Fresnel ne ya ƙirƙiro irin wannan gilashi na hasumiyoyi a shekarun 1820. Yau jirage suna da na'urorin tauraron ɗan'adam, amma na'ura tana iya mutuwa, ƙaramin kwale-kwale kuma sau da yawa ido ne jagoransa.

Ta gabas, kusa ƙwarai, ga James Fort, wanda kamfanin Royal African Company na Ingila ya gina a wajen 1673. Gaba da shi da kimanin rabin kilomita ga Ussher Fort, wanda Turawan Holan suka gina a 1649 da sunan Crèvecoeur, ya koma hannun Ingila a 1868. Idan sama ta washe, can gaba ana iya hango wajen Osu, inda sansanin Christiansborg na Turawan Denmak yake. Ƙasashen Turai uku ke nan suka kafa sansani a gaɓar da ba ta wuce 'yan kilomita ba, suna gasar sayen zinariya da bayi. Ta yamma akwai bakin tafkin Korle, bayansa unguwannin Korle Gonno da Chorkor. Ta arewa kuwa rufin kwano ne masu tsatsa a cunkushe, tsofaffin benaye na zamanin Turawa, sai dogayen gine-ginen tsakiyar birni a bayansu. A cikin waɗannan lunguna Bukom take, unguwar 'yan dambe da ta fitar da Azumah Nelson da Ike Quartey. A nan kusa kuma akwai kasuwar Salaga, mai ɗauke da sunan garin nan na arewacin Ghana da fataken Hausawa suka yi ta zuwa sayen goro, wanda kuma ya kasance babbar kasuwar bayi.

Minti goma sha biyar zuwa ashirin sun isa. A sauko tun yara ba su gaji sun fara wasa da juna ba.

Mataki na shida: zagayen ƙasa

Bayan an huta an sha ruwa, a taka zuwa James Fort. An yi amfani da shi a matsayin gidan yari har zuwa 2008, kuma a nan aka tsare Kwame Nkrumah, wanda daga baya ya zama shugaban Ghana na farko, a 1950. Yana cikin kurkukun ya ci zaɓe, aka sake shi ranar 12 ga Fabrairun 1951 ya fito ya jagoranci gwamnati. James Fort da Ussher Fort suna cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1979, hukumar gidajen tarihi ta Ghana ce kuma ke kula da su. Ginin ya tsufa sosai, saboda haka idan an ba da izinin shiga, kada yara su raɓi bangon da ya tsage ko su hau abin da ɗan rakiya bai hau ba. Maganar bauta a faɗe ta ga yara gwargwadon shekarunsu, amma a faɗi gaskiya: mutane aka kamo daga cikin ƙasa, har da na arewa, aka tsare su a irin waɗannan ɗakuna kafin a tsallaka teku da su, kuma akwai 'yan Afirka a cikin masu kamawa da sayarwa. Mai sauran ƙarfi ya ƙarasa Brazil House, gidan da ke da alaƙa da mutanen Tabom, 'yantattun bayin da suka dawo daga Burazil a ƙarni na 19.

Bakin ruwa shi ne inda yara suka fi so, shi ne kuma inda ya fi buƙatar sa ido. A tsaya kusa da kwale-kwale guda a dube shi da kyau: gindinsa kututturen itacen wawa ne guda da aka fafe, aka ƙara masa katako a gefe, aka shafe shi da fenti mai launi-launi, an rubuta masa ayar Baibul ko wata kalmar hikima, ga tutar wata ƙasa ko ta ƙungiyar ƙwallo tana kaɗawa. Kusa da shi za a ga mai ɗinkin raga ya miƙe ƙafa, ya maƙale ragar da babban yatsan ƙafarsa don ta miƙe, hannunsa yana kai da komo da allurar roba. Gaba kaɗan mata suna banda kifi a kan tire-tiren waya da aka jera bisa murhu. Duk wannan wurin sana'a ne. Kada a tsallake raga ko igiya, a zagaye ta. Kada a ɗauki hoton kowa sai an tambaya, wanda ya ƙi a ba shi haƙuri a wuce. Hoton yaran unguwa kuwa a bar shi gaba ɗaya. Sayen ɗan kifi a hannun matan ya fi raba kuɗi ga masu roƙo mutunci.

Kada a bar yaro ya shiga ruwan, ko da iya gwiwa ne. Tekun wannan gaɓa tana da jan ruwa mai ƙarfi da ke kwashe ƙafar babba ma, ga ƙazantar da ke gangarowa daga tafkin Korle da magudanun gari. Mai son yara su yi wanka ya ware wata rana ya kai su inda akwai masu ceto.

Idan an tarar da ƙofa a rufe

Yana faruwa. Kada a matsa wa mai gadi, kada kuma a yarda da wanda ya ce zai shigar da ku ta bayan fage. A ɗauki hoto a gindin hasumiyar, a yi bayanin fitila daga ƙasa, a yi zagayen sansani da bakin ruwa, sannan a ƙarasa wurin tunawa da Kwame Nkrumah da ke kan wannan titin ta gabas, a filin da ya ayyana 'yancin Ghana ranar 6 ga Maris 1957. An gyara wurin an sake buɗe shi a 2023, yana da inuwa da wurin zama, abin da zai yi wa Kaka daɗi.

Abinci, salla da komawa

Abincin unguwar shi ne kenke, dafaffen ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, ana ci da soyayyen kifi, niƙaƙƙen barkono da shito, wato baƙin yajin da ake soyawa da mai. A sayi mai zafi a inda ake layi, a ɗanɗana barkonon kafin a zuba wa yara. Ana sayar da naman alade a wasu rumfunan unguwar, don haka idan abin ya wuce kifi a tambaya, ko a haƙura har a koma Nima ko Zongo inda shinkafa da wake da tuwon zafi suke jira. Azahar a Accra tana shiga wajen sha biyun rana; wanda ya bi tsarin nan zai gama zagaye daidai lokacin, ya samu jam'i a babban masallacin Abossey Okai ko Masallacin Ƙasa da ke Kanda, gwargwadon inda ya nufa. A sallami ɗan rakiya da abin da aka yi alkawari, a ƙara masa idan ya kyauta, a karɓi lambarsa domin wasu 'yan'uwa da za su so zuwa. A bar tsakiyar gari kafin ƙarfe uku da rabi, domin daga nan cunkoson masu tashi daga aiki yake farawa, kuma tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba da safe tana iya cin ninkinta.